Kaftin a Kan Sikelin Albasa

Aikina a kasuwar Al-Aziziya ba mai wuya ba ne. Sikeli nake tsarewa, babban nan na ƙasa da ake ɗora wa buhunan albasa da kwandunan tumatir. Lamba ta fito ja a ɗan allo, in faɗa, Baba Laouali ya ji. Shi ne babba a rumfarmu, mutumin Tessaoua, ya fi shekara ashirin a Riyad. Ni shekara uku ke nan da na baro Madarounfa. Aibina ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ina tsaye a wuri, hankalina kan tafi yawo ya bar ni.

Da tsakiyar zafi Kaftin ya fara zuwa. Sunansa na yanka Ednilson, mutumin Brazil ne, yana koyar da kokawa a wani nadi, wato gidan motsa jiki, da ke bayan kasuwa, shi ya sa ake ce masa Kaftin. Kunnuwansa sun dunƙule kamar ɗanyar citta. Ya iso a guje da safe cikin riga mai kauri, ya tsaya yana haki, ya nuna sikelina.

"Mumkin, sadik?" Wato zai yiwu, aboki?

Da Larabcin kasuwa muke magana, nasa a karye, nawa a karye, in an haɗa sai ya miƙe. Ya ce sikelin nadinsu maƙaryaci ne, abin da ya faɗa da safe daban, na yamma daban, namu kuwa hukuma na duba shi. Na mayar da lamba sifili, ya cire takalmi ya hau. Kilo saba'in da takwas.

"Wannan kayan ya sha rana," in ji Baba Laouali da Hausa. "Ko kyauta ba na ɗauka."

Kaftin bai ji ba, amma ya yi dariya.

A hankali na san labarinsa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Sana'arsa faɗan keji ne, wanda ake haɗa dambe da kokawa da shuri. Ya fara yana ɗan shekara sha tara a wani rumbun kifi na garinsu, bakin kogi. Daga nan aka kai shi Japan, aka kai shi Rasha. Faɗa arba'in da ɗaya, ya ci ashirin da bakwai. Sai gwiwa ta lalace, ya faɗi sau uku a jere, a na ƙarshe ma ya wuce nauyin da aka yanka masa, kamfani ya sallame shi. Shekara huɗu wayarsa shiru. Yanzu yana da talatin da takwas, sai ga kira: wani ya ji rauni, ana neman madadinsa a babban wasan da za a yi nan Riyad. Sharaɗi ɗaya ne. Ranar Alhamis ta mako na uku, ƙarfe sha ɗaya na safe, za a auna shi a wani otal can arewacin gari. Kilo saba'in. In ya wuce ko da nauyin dabino guda ne, babu faɗa, kuma ba za a sake kiransa ba.

Kullum sai ya zo. Saba'in da bakwai, saba'in da biyar da rabi, saba'in da huɗu. Yana raguwa kamar sabulu. In ya sauka yakan zauna a kan buhu ya huta, kuma duk maganarsa ta ruwa ce, kamar mai azumi da la'asar. Ya ce koginsu ba a hango ɗaya gaɓar. Ya ce a gaban garinsu ruwa biyu ke haɗuwa, ɗaya shuɗi, ɗaya launin kunu, su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Ana kwana uku a jirgin ruwa, kowa ya rataye gadon raga yana lilo. Ni ruwan da na sani shi ne tafkin Madarounfa, to sai in ɗauko shi a raina in yi ta ja, in yi ta ja, har gaɓar can ta ɓace, in sa jirgin a kai.

"Almustafa, dawo," Baba Laouali kan ce. "Albasa ba ta iyo."

Ranar Alhamis ɗin ya zo da ƙarfe shida da rabi, ba gudu, tafiya yake kamar mai taka ƙaya. Kwana ɗaya da wuni bai sha ruwa ba. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Baba Laouali ya gama auna wa wani mai gidan abinci tumatir ke nan, ya raka shi mota. Kaftin yana kwance igiyar takalmi yana ba ni labarin ruwan sama a kan kogi, yadda ake jin ƙararsa daga nesa kafin ya iso, yadda shi da ƙanwarsa kan kwanta a rufin jirgi su buɗe baki. Na ji ɗigon farko a goshina, wallahi na ji shi. Ina can a rufin jirgin ya hau sikeli.

"Kam?" ya tambaya.

"Sittin da tara da ɗigo tara."

Ya rufe ido, ya daɗe a haka. Sannan ya dafa kafaɗata, ya ce zai je ya kwanta a nadi har lokaci ya yi.

Kusan awa ɗaya bayan tafiyarsa na ɗauki tsintsiya zan share ɓawon albasa daga kan sikeli. Babu komai a kansa, amma allon bai nuna sifili ba. Akwai ɗan layi, sannan ɗaya da rabi. Haka muke yi in za a auna tumatir: a ɗora kwandon roba babu komai, a danna maɓalli, sikeli ya riƙe nauyin kwandon yana cirewa daga duk abin da aka ɗora. Kwana ashirin ina goge wannan kafin Kaftin ya hau. Yau ban duba ba.

Na kira Baba Laouali na nuna masa. Ya dubi allon, ya dube ni.

"Ba ka danna ba?"

"Ban danna ba, Baba."

"Kana ina?"

"Ina nan."

"Rigarka ce ke nan." Ya shafa gemu. "Wato bawan Allah yana can kwance da kilo ɗaya da rabi da bai san da su ba."

Wani abu ya raɗa mini cewa in na yi shiru, ba wanda zai san daga ina kuskuren ya fito. Bai daɗe a raina ba, amma ya zo, ba zan ɓoye ba.

"Me kake jira, ɗana? Sikeli ba ya gudu. Je ka."

Na same shi kwance a kan tabarmar roba ta nadi, tawul a fuska. Na durƙusa na faɗa masa da duk Larabcin da nake da shi, har da hannu. Na zaci zai tashi ya maƙure ni, don abin da ya iya ke nan. Bai ko cire tawul ɗin ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas saura kaɗan, Kaftin."

"Ɗakin zafinmu na fitar da gumi ya lalace tun watan jiya," ya ce a hankali. Ya janye tawul ɗin. "A kasuwarku akwai kaya masu nauyi?"

Haka aka yi. Muka naɗe shi da ledar da ake rufe kwali, ya sa rigarsa mai kauri a kai, ya shiga layin 'yan dako da ke sauke albasa daga babbar mota, a cikin rana. Nafiou, shugabansu, ya tsaya yana kallo.

"Baba Laouali, sabon ma'aikaci ka samo? Yana da iƙama kuwa, takardar zama?"

"Yana da ita. Kai dai ɗora masa, ka rage surutu."

"To shuwayya shuwayya, bi a hankali, Kaftin, kar ka cinye mana aikin."

Duk buhu goma sai ya tuɓe, mu goge shi, ya hau sikeli, ni kuma in danna maɓallin sau biyu a gabansa. Saba'in da ɗaya. Saba'in da ɗigo bakwai. Ɗigo huɗu. Da ƙarfe goma saura kaɗan ya tsaya a ɗigo biyu, kuma gumi ya ƙafe. Na taɓa bayansa, a bushe yake, da zafi kamar murfin tukunya.

"Halas, ya isa," in ji Baba Laouali. "Faɗa masa rai amana ne. Ba zai sake ɗaukar buhu a gabana ba."

Kaftin bai yi musu ba. Ya ce da yana da yawu, da ya tofar da sauran a hanya, haka suke yi. Ya buɗe baki ya nuna mini harshensa, fari fat.

Sai na tuna innata. Da azumi ba ta yarda a yanka lemon tsami a gabanta, wai bakinta cika yake yi da yawu ko ba ta so. Na ruga rumfar maƙwabta na ciko aljihu da lemon tsami.

Mu uku muka matsu a gaban a-kori-kurar rumfa, gilashi a rufe, na'urar sanyi a kashe. Baba Laouali na tuƙi, Kaftin a tsakiya da gorar roba a hannu. Na yanka lemo na kai hancinsa. Yawu kaɗan ya zo. Sai na juyo na fuskance shi, na sa rabin a bakina na tsotse har fuskata ta tattare. Ya kalle ni, maƙogwaronsa ya motsa, ya tofa a gora.

"Ƙara," ya ce.

Na ƙara. Garin yana wucewa ta bayan kansa kamar ba a ƙasa yake ba. Dogayen benayen gilashi suna rawa cikin zafi, jirgin ƙasa yana shawagi a kan gadarsa ba ƙara, titi yana sheƙi can gaba kamar an yi ɓarin mai. Ni tsotsa, shi tofi, Baba Laouali yana salati ƙasa-ƙasa a kowace danja. Lemo tara na sha kafin mu isa.

Mai gadin otal bai bar mu mun shiga ba, ni da Baba, don babu sunanmu a takarda. Muka koma wurin ajiye motoci muka jingina da a-kori-kura. Sha ɗaya ta yi, ta wuce. Baba Laouali ya buɗe baki zai yi mini faɗa, na gani, sai ya fasa.

Da kusan sha ɗaya da rabi ya fito, yana jan ƙafa, wata babbar gorar ruwa a ƙirjinsa, yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Fuskarsa ba ta faɗi komai ba.

"Kam?" in ji Baba Laouali.

"Saba'in," ya ce. Muryarsa ta ɗan dawo. "Daidai. Gobe akwai faɗa."

Ya zame ya zauna a ƙasa, a inuwar taya, ya miƙo mini gorar. Na kai baki, amma haƙorana sun mutu da tsami, sanyin ya soke ni har cikin kai. Na mayar masa na ce ya sha, ni sai an jima.