Wayar da Gunvor Ta Yanke

Tulun ƙarfe na uku ya fito daga teku yana lilo a bakin ƙugiyar jirgin ruwa, sai Gunvor Midtbø ta ga ragar. Tsohuwar ragar masunta ce koriya, ta nannaɗe wayar ƙarfen tun daga gindin tulun har inda ido ya daina gani, cike da duwatsu da ruɓaɓɓun kifaye. Kukan injin naɗe waya ya sauya. Steinar, mai riƙe da injin, ya tsayar da shi ya dubi wansa Oddvar.

Oddvar ne shugaban masu aiki a farfajiyar bayan jirgin, shekararsa talatin da ɗaya a teku. Ya leƙa ruwa, ya tofar da tabar da ke ƙarƙashin leɓensa, ya ce nauyin ya yi wa wayar yawa, ga iska tana ƙaruwa. A ganinsa gara a ɗaura mata tulu mai fitila a sake ta, a dawo jibi in teku ya kwanta.

Gunvor, mai binciken teku, ta ƙi. Ita ta haɗa jerin nan da hannunta shekara biyu da suka wuce, aka nutsar da shi mil sittin yamma da gaɓar garin Måløy: waya mai tsawon mita ɗari bakwai, da tulunan ƙarfe masu riƙe ta a tsaye cikin ruwa, da babbar na'ura can kusa da ƙasa mai auna gudun ruwan da inda ya nufa kowace awa. Duk abin da na'urar ta auna yana cikinta, babu shi a ko'ina. Da safen nan suka aika sautin da ya kwance jerin daga anga, nauyin da ya riƙe shi a ƙasan teku. In aka sake shi da tulu ɗaya, ragar za ta nutsar da shi kafin jirgi ya gama juyawa.

"Saura mita tamanin, Oddvar. Ko kofinka ba zai huce ba."

"Ke kam kin fi son ƙarfen nan a kan mijinki," in ji shi. "To, 'yar ofis ta yi magana. Steinar, shirya."

Kyaftin ya yi magana ta rediyo daga sama, ya ba su rabin awa.

Kafin wayar ta ci gaba da hawa kan injin, dole a cire tulun. Oddvar ya ɗaure ta da sarƙa a jikin wani ginshiƙin ƙarfe don sarƙar ta ɗauke nauyin, Steinar ya sassauta injin, wayar ta kwanta a ƙasa gammo-gammo. Oddvar ya durƙusa yana kwance ƙusa, Gunvor tana yanke raga da wuƙa, warin kifin yana hawa mata kai.

Raƙumin ruwan ya zo ta gefe. Gindin jirgin ya faɗa rami, sannan ya tashi sama da ƙarfi ɗaya. Sarƙar ta tsinke da ƙara kamar ta bindiga, wani guntunta ya fasa gilashin fitilar da ke saman kansu. Wayar da ke kwance ta zabura ta nufi teku, gammo ɗaya ya shaƙe ƙafar Oddvar ta hagu ƙasa da gwiwa, ya fyaɗa shi da ƙasa, ya ja shi a rigingine. Hularsa ta ƙarfe ta tashi. Ya kai hannu zai kama tulun, farcensa biyu suka tsaya a jikinsa. Bai tsaya ba sai da ƙafar ta maƙale tsakanin ginshiƙin da ƙarfen bakin jirgi.

Gunvor ta ji karyewar ƙashin duk da iskar. Wayar ta ci takalmin roba, ta ci wando, ta shiga nama. Duk tashin da jirgin ya yi sai ta ƙara nutsewa, Oddvar ya yi kururuwa, in jirgin ya sauka ya yi shiru yana haki. Steinar ya gwada ja da injin, kururuwar ta ƙaru, ya saki, jikin wansa ya ƙara zamewa taku guda wajen ruwa. Saura kaɗan Oddvar ya fice daga jirgin.

Babban almakashin yankan ƙarfe yana rataye a bango. Gunvor ta ciro shi ta ja ciki, ruwa mai sanyi yana wanke ta, ja da jini. Sai da ta wuce Oddvar ta kai bakin jirgi kafin ta sami wurin yanka, ta gefen teku. Daga nan ta hango na'urarta a ƙarƙashin ruwa, rawaya, tana ɓullowa tana ɓacewa cikin raga. Ta sa wayar a bakin almakashi ta danna da hannu biyu, ta ƙi. Ta kafa mariƙi ɗaya a ƙasa ta hau ɗayan da ƙirjinta.

Wayar ta rabu. Bakinta ya yi bulala ya tsaga rigar Gunvor daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ya tafi da fata. Rawayar ta dushe cikin ruwa, ta ɓace.

Suka jawo Oddvar ciki. Ƙafar tana reto da wani ɗan nama da jijiya, jini yana tsartuwa. Gunvor ta cire ɗamarar wandonta ta ɗaure cinyar, ta cusa sifana ta murɗa har tsartuwar ta tsaya. Mai dafa abinci ya kawo bargo da akwatin magani. Oddvar ya yi fari fat, leɓensa shuɗi, yana kiran sunan matarsa Aslaug.

Da aka shigar da shi ciki, Gunvor ta miƙe tana dafa bango. Ba ta ga tahowar Steinar ba. Naushin farko ya same ta a baki, ƙeyarta ta bugi ƙofar ƙarfe. Ya shaƙe wuyan rigarta ya sake buga ta da ƙofar.

"Ya ce miki a bari. A gabana ya ce miki."

Ba ta kare kanta ba. Na biyun ya karya mata haƙori, ta ji shi a kan harshenta kamar tsakuwa. Sai da kyaftin ya sauko ya riƙe Steinar ta baya, suka faɗi tare cikin ruwan jinin, sannan ya sake ta. Steinar ya zauna a nan yana kuka, bayan hannunsa a fashe.

Jirgi mai saukar ungulu ya iso bayan minti hamsin, ya ɗauke Oddvar da igiya. Su kuwa sai da suka yi awa bakwai suna dukan raƙuman ruwa kafin su ga tudu. Ba wanda ya zauna kusa da Gunvor a ɗakin cin abinci. Mai dafa abinci ya ajiye mata burodi da cuku, bakin bai bar ta ta ci ba.

Washegari da hantsi Gunvor ta je asibiti a garin Ålesund, da ɗinki goma sha huɗu a hannu da leɓe kumbure. Aslaug tana zaune bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da Oddvar. Ta dube ta, ta dubi leɓen, ta matsar da ƙafafunta ta ba ta hanya.

Steinar yana tsaye jikin taga. Bargon da ke kan Oddvar ya kwanta shafal daga gwiwar hagu zuwa ƙasa. Oddvar ya buɗe ido da ƙyar, ya tambaye ta wa ya gyara mata fuska haka, ta ce ƙofa ce. Ya ce ai ƙofofin jirgin nan ba su da tarbiyya.

"Steinar ya ce an ciro ta," in ji shi. "Na'urar taki. Ya ce tana sito."

Gunvor ta dubi Steinar. Ya sa hannunsa mai bandeji cikin aljihu, idonsa a kanta, ba ya ko ƙiftawa.

"An ciro ta," ta ce.

"To, madalla. In ba haka ba, da na yi baƙin cikin ƙafar." Ya lumshe ido, har ta ɗauka barci ya ɗauke shi, sai ya sake magana. "Me ta ce? Shekara biyun nan, ina ruwan yake zuwa a can ƙasa?"

Ta haɗiye yawu mai ɗanɗanon jini. "Arewa."

Oddvar ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Arewa," ya ce. "Ai da ni kuka tambaya, da na faɗa muku."