Hoton da Ya Makara

"A'a, Baba, ba nan ba. Ku koma baya. Akwai wata 'yar kibiya can ƙasa, ita za ku taɓa."

Zulfa ta maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwanta biyu suna jona talabijin da batirin sola a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. La'asar ta wuce. Hoton ya fito tar, ga filin kokowa na Maraɗi cike da jama'a, makaɗa suna ta zuba gumi. A can ɗaya gefen wayar kuwa, a garin Sabha na ƙasar Libiya, surukinta Malam Na Allah yana ta haki kamar wanda aka ɗora wa buhun gero.

"Na taɓa, ɗiyata. Baƙin allon nan dai ya koma hitowa, da rubutun nasara bisanshi."

"Ku ɗauki hoton rubutun ku turo mini."

Sai da aka jima hoton ya iso. Da wayar abokin gadinsa yake kiranta, da ita kuma ya ɗauki hoton tasa, rabin hoton duk babban yatsansa ne. Ta karanta abin da ya saura na Faransancin: ba a kallon wannan shiri a ƙasar da kuke.

Tun da aka kawo Zulfa gidan nan na Tasawa, maganar da ta taɓa haɗa ta da uban mijinta ba ta wuce gaisuwa ba. Ko ta waya ce, sai ta tsinci kanta ta rusuna kamar yana gabanta. Yau kuwa shi da kansa ya kira ta, don ita ce malamar makaranta, ita ce mai karanta abin da waya ta rubuta. Bai ce mata kokowa yake son kallo ba. Cewa ya yi wayarsa ta ƙi nuna tashar gida, ko za ta duba masa, ba don komai ba, don labaran yamma. Ƙadri, mijin Zulfa da zai shiga fili yau, ɗan farinsa ne, ba ya kama sunansa, ba ya kuma nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ita ma ba ta kama sunan miji a gaban suruki. Haka suka shafe yammacin, su biyu, suna fama a kan mutumin da babu mai iya ambatonsa a cikinsu.

Maganar da ke ƙasa kuwa kowa a gidan ya san ta. Malam Na Allah ya yi kokowa a Urafane yana saurayi, ya kan ce bai tsira da komai a cikinta ba sai ciwon gwiwa. Yanzu gadi yake yi a wani ɗakin ajiyar tayoyi, kuma tun damina ya samar wa Ƙadri aiki a wurin. Ya yanke magana: gasar fidda gwanayen jiha ta bana ita ce ta ƙarshe. In yaron ya shiga cikin waɗanda za su wakilci Maraɗi, to ya ci gaba. In ya faɗi, ya ajiye layu ya shiga motar Agadas, ya kama hanyar Libiya. Ƙadri ya ce to, don ba a saba musu da uba a gidan ba.

Zulfa kuwa tsoron wannan hanya take ji har cikin ƙashinta. Yayanta Sirajo ya bi ta daga Maijirgi, ya kira su sau ɗaya daga Dirku yana dariya, daga nan ba a sake jin muryarsa ba. Kokowar yau da Manzo na Cake ita ce za ta raba gardama, kuma Manzo ya fi mijinta nauyi nesa ba kusa ba.

"Baba, wayar ce ta gane ba ku cikin ƙasa," in ji ta. "Sai mun ruɗe ta. Akwai wani abu da ake sawa, mai hoton makulli, shi zai sa ta ɗauka kuna Nijar."

"Ƙarya za mu yi mata kenan."

"Waya ce, Baba."

"To, Allah shi yahe muna."

Ta bi da shi sannu a hankali har abin ya sauka. Ta ce ya nemi tutar Nijar a cikin jerin tutocin, mai ruwan lemo a sama, fari a tsakiya da ɗigo, kore a ƙasa. Ya ce ya gan ta, ya taɓa. Can sai ga wata muryar mace tana rera waƙa da wani harshe, da ganguna irin na fim.

"Ɗiyata, wasu mata ne ka rawa cikin ruwan sama."

Zulfa ta toshe baki da gefen mayafi. Tutar Indiya ya taɓa. Da aka bincika kuma, jerin kaf babu ta Nijar a ciki, masu abin ba su ga dalilin sa ta ba. Ta daina dariya. Ta gwada ɗora wayarta a gaban talabijin ya kalla ta cikin kiran bidiyo, amma rezon unguwarsu, wato layin intanet, ba ya ɗaukar wannan nauyi. Ya ce inuwoyi kawai yake gani, da layuka suna hawa suna sauka.

A gefen rumfar, Inna Furera, uwar Ƙadri, ta juya wa talabijin baya tana tsince wake a faifai. Ta ce ita ba ruwanta da wasan yara. Amma tun azahar take tsince waken nan, wanda bai kai tiya guda ba.

Dabara ɗaya ta rage. Tashar tana watsa gasar kai tsaye a shafinta na intanet, shi kuma ba ya tambayar ƙasa. Zulfa ta sa ya cire abin makullin, ta tura masa adireshin shafin, ya taɓa. Hoto ya zo, ya tsaya, ya zo, ya tsaya.

"Ina kuke samun rezon, Baba?"

"Na biron maigidana ne, ofis ɗinshi. An kulle biron."

"Ku matsa jikin bangon, kusa da taga. Sa'an nan akwai wani ɗan zobe mai haƙora a kusurwa. Ku taɓa shi, ku zaɓi lambar da ta fi ƙanƙanta. Hoton zai dushe, amma zai tafi."

Ta ji takun takalminsa a kan tsakuwa, ta ji ya ja tsaki saboda gwiwa. Ta ƙaddara shi a ranta, dattijo mai furfura manne da bangon mutane a ƙasar mutane, waya biyu a hannu, sai tausayinsa ya kama ta, abin da ba ta taɓa zaton za ta ji game da shi ba.

"Ya tahi," in ji shi. "Ga makaɗa nan. Ga wani ɗan Dakoro shina kirari."

Zulfa ta dubi nata allon. Ɗan Dakoron ya gama kirari tuntuni, har an ka da shi, yana kakkaɓe yashi. A nan ta gane hoton Baba a baya yake, ya makara da abin da ya fi minti biyu. Ta miƙa hannu ta rage muryar talabijin har ƙasa, don kada ta riga shi ba da labari.

Aka kira Ƙadri na Tasawa da Manzo na Cake. Mijinta ya shigo fili, layu a damtse, ya durƙusa ya taɓa ƙasa. Daga gidajen maƙwabta aka ɗauki guɗa. Hannun Inna Furera ya tsaya cak a cikin wake.

Suka zagaya juna, suka mari hannuwa, suka haɗa kai. Manzo ya tura, Ƙadri ya ja da baya, ya sake ja da baya, har Zulfa ta ɗauka tsoro ne. Ashe jira yake. Ya sunkuya wuf ya shige ƙarƙashin babban mutumin, ya cafki cinyarsa ya ɗaga ta sama. Filin ya miƙe tsaye. Manzo yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana neman abin riƙo, saura ƙiris. Sai ya saki dukkan nauyinsa a kan kafaɗar Ƙadri, ya sa masa taɗiya da ƙafar da ta rage. Su biyun suka tafi ƙasa, amma bayan Ƙadri ne ya fara taɓa yashi.

Wani a gidan maƙwabta ya ce kash. Daga nan unguwar ta yi tsit.

"Ɗiyata," muryar Malam Na Allah ta zo daga nesa. "Sun shigo hili, sun haɗa kai, sai abin ya tsaya. Wani zobe ne ka juyawa bisa cikinsu. Mi zan taɓa?"

Ta san amsar da kowa zai bayar. Akwai kibiya mai lanƙwasa a saman shafin. In ya taɓa ta, hoton zai sake tashi daga inda ake yanzu, ya tsallake abin da ya wuce, ya nuna masa wasu 'yan kokowa daban. Ba wanda zai ce ta yi da gangan. Labari dai zai kai masa kafin magariba, wannan ba ta da iko da shi. Amma da ta raba mijinta da wannan kunya, a ce karon farko da ubansa ya taɓa kallonsa a fili, kwance ya gan shi. Ta ji haushin tsohon ya taso mata, shi da hukuncinsa da hanyarsa ta Agadas. Me zai ƙara da gani, ban da hujja?

Ta buɗe baki. A nata allon ana nuna Ƙadri ya tashi, ya je ya ɗaga hannun Manzo, yashi manne a bayansa.

"Kada ku taɓa komi, Baba," in ji ta. "In kun taɓa zai tsallake. Ku ƙara matsawa jikin tagar, ku jira shi."

Suka jira su biyun. Tana jin iska tana busawa a wayarsa, da wata mota da ta wuce can nesa.

"Na ji garin ya yi tsit ta wayarki," ya ce a hankali. "Da shi ya ka da, da 'yan kabu-kabu sun cika mini kunne da oda tun ɗazu. Na san Tasawa. Ba labari nike nema ba, gani nike so."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Sai ga kiɗan ya dawo ta cikin wayarsa, siriri, kiɗan da ita ta riga ta wuce. Ta zauna a bakin tabarma tana sauraren abin da ta gani ɗazu yana sake faruwa a Libiya. Tsohon ya manta tana kan layi.

"Ja baya. Haka. Bar shi ya biyo ka. Ƙara. To yanzu, shiga." Numfashinsa ya ɗauke. Ihun filin ya taso. "Ɗaga. Ɗaga mana. Jawo ta hagun, jawo ta..."

Ihun ya kai ƙarshe ya faɗo. Ba ta ji komai ba sai iskar nan, har ta cire wayar daga kunne ta duba ko layin ya yanke.

"Wa ya koya mishi wanga kamu?"

"Ban sani ba, Baba. Kullum da asuba dai yana fita bayan gari, shi da abokansa."

"Ni na yi shekaru ina neman kamun nan, ban taɓa samun shi daidai haka ba." Ya yi gyaran murya, muryar ta koma irin tasa ta kullum, busasshiya. "Ƙahwar hagu ce shika mancewa da ita a baya. In ya zo gida ki hwaɗa mishi. Baɗi kada in ga ya bar ta nan."

"Baɗi, Baba?"

"Mai wayar ga shina son abinshi. Ki gaida mutanen gida."

Layin ya yanke. Zulfa ta zauna da wayar a cinya, talabijin yana ta nuna wasu ƙarti biyu suna zagaya juna babu murya. Inna Furera ba ta juyo ba.

"Mi ya ce?"

"Ya ce a gyara ƙafar hagu kafin baɗi."

Tsohuwar ta ɗauki faifan ta miƙe. Sannan ta juye waken a ƙwarya, ta kakkaɓe zanenta.

"To tashi ki ɗora ruwan zahi," in ji ta. "Da ciwon jiki zai shigo."