Bangon Gilashi da Mangwaron Baba

Fili ɗaya Baba ya bar mana, ni da Yaya. Ni da matata muna ɗakuna biyu na baya. Shi kuwa Allah ya buɗa masa, ya ce zai gina nasa a gaba. Tsakaninmu sai bishiyar mangwaro da Baba ya dasa. Ita ce inuwarmu, ita ce kuma ke kare ƙofarmu daga idon mutane.

Ranar da Injiniya ya kawo zanen gidan, Yaya ya kira ni in gani. Ban iya karanta irin wannan takarda ba, sai da aka nuna mini da yatsa. Bangon da ke kallon wajenmu gilashi ne tun daga ƙasa har sama.

"Haske, ƙanena," in ji Yaya. "Da rana ba kunna fitila. Wuta ta huta."

"To iska fa, Yaya?"

Injiniya ya nuna wasu ƙananan tagogi can sama. Ya ce ta nan zafi zai fita, sanyi ya shigo ta ƙasa. "Sai dai bishiyar nan za ta rage haske. In kuma aka sare ta, ranar yamma za ta daki gilashin, sai an kunna esi mai sanyaya ɗaki..."

Yaya ya yi gyaran murya. Injiniya ya naɗe takardarsa.

Da na faɗa wa matata, ta ajiye tsintsiya. "Ga titi a gabansu, me ya hana su kalli titi? Mu ne talabijin? Matarsa Anti ce take so ta ga abin da nake ɗorawa a wuta, da wanda ya shigo, da wanda ya fita."

"Haba, ke dai!" na ce. Amma maganar ta zauna mini.

Akwai samfurin gilashin da aka kawo aka jingina a bango, mai duhu-duhu. Na ɗora shi kan bulo daidai inda za a ja bangon, na tsuguna a bayansa. Matata ta tsaya ta wajenmu, ta ce fuskarta kawai take gani kamar madubi. Ni kuwa ina ganin komai tas, har zoben hannunta. Da ta koma bakin ƙofa, sai ganye ya ɓoye ta.

Na samu Yaya na gaishe shi. "Yaya, gilashi naka ne, ka sa yadda kake so. Amma bishiyar ta Baba ce, a bar ta."

Ya yi dariya. "Shi ke nan? An bar ta."

Yaya da ko aron guduma sai ya ja maka rai. Wannan saurin yarda bai kwanta mini ba.

Gini ya yi nisa, wata rana na dawo daga wajen gyaran kekuna na tarar an haƙa ramin bututun ruwa a gindin bishiyar. Saiwoyi masu kaurin damtsena, an datse su, suna zubar da ruwa.

"Malam, wa ya ce ka bi ta nan?"

"Inda aka ja mini layi na bi," in ji mai haƙa.

Injiniya ya ce ba layinsa ba ne. Yaya ya ce yana tafiya lokacin. Anti ta ce ita ina ruwanta da rami.

Ganyen ya fara rawaya. Kullum da safe ina zuba mata ruwa, amma ɓangaren da ke kare ƙofarmu shi ya bushe. Matata ta kwance igiyar shanya ta ɗaura ta a nan, ta jera zannuwan gado. Ko sun bushe ba ta kwashewa.

Bayan sun tare, wata yamma ina ban ruwa sai ga Yaya ya fito, rigarsa jiƙe da gumi. A bayansa rana ta cika gilashin, esi yana ta gurnani. Ya tsaya kusa da ni, ya ɗaga kai yana kallon busassun rassan.

"Za ta tashi kuwa?"

Na daɗe ina kallon fuskarsa. Ban gane wace amsa yake so ba. Sai na miƙa masa bokitin.

Ya karɓa, ya zuba a gindin a hankali. Amma idonsa yana kan igiyar shanya.