Fatiha a Aji Biyu

Hedimastanmu, Ishtiyak Sahib, kalma ɗaya ya tsinto daga Turanci ya riƙe ta gam: siriyas. A wajensa mutum siriyas shi ne wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Har gurbi ya buɗe wa abin a takardar auna malamai ta ƙarshen shekara. Ni da ciwon ciki ke sa ni ɗaure fuska, maki tara nake ci kullum.

Shagufta kuwa, malamar aji biyu, biyu take samu. Laifinta ajinta akwai dariya. Yaranta sun fi na kowa iya karatu a makarantar, ni shaida ce, amma wa ya tambaya? Sau biyu an rubuta mata gargaɗi, na uku kora ce. Ga mijinta a kwance tun da injin masana'antar ƙwallo ya cinye masa hannu, duk gidan ita ake kallo.

Sai aka ce Chaudhry Sahib, mai makarantar, zai zo zagayen azuzuwa ran Litinin.

"Malama," hedimasta ya ce wa Shagufta, "in na ji ko 'hihi' daga ajinki, ki tattara kayanki. Kuma wannan mayafi mai ruwan lemo, biki kika zo?"

Ran Litinin ta zo da farin mayafi, ba kwalli, ba awarwaro. Ta ja wa yara kunne har biyu suka fara kuka, don ba su taɓa ganin ta haka ba. Ina cikin 'yan rakiya muka shiga. Aji tsit.

To Chaudhry Sahib tsoho ne da a duk garinmu na Sialkot ba a yin rasuwa bai je gaisuwa ba. Ya dubi farin mayafi irin na masu makoki, ya dubi yara masu hawaye, sai kawai ya ɗaga hannu. "Fatiha."

Wa zai ce wa mai makaranta ya sauke hannu? Duk muka ɗaga, hedimasta ya fi kowa ɗagawa sama. Shagufta ta cije leɓe tana danne dariya, kafaɗunta na rawa, hawaye shar. Wallahi ni ma saura kaɗan in fashe.

"Haƙuri, 'yata, haƙuri," in ji tsohon. Ya juyo. "Ishtiyak, wa ya rasu?"

Nan fa ake yin ta. Hedimasta bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa ba, balle ya ce wa babba "ka yi kuskure".

"Surukarta ce, ranka ya daɗe."

"Kuma ka sa ta aiki? Kai wane irin mutum ne? Je ki gida, 'yata, sati guda."

Da muka fito na ja ta gefe. "Ke, ki faɗi gaskiya mana!"

"Baji, yayata, in ce hedimasta maƙaryaci ne a gaban maigidansa? Rufa min asiri. Sati zai wuce, a manta."

Ba a manta ba. Gidan rasuwa ai ba a hura wuta, kuma Chaudhry Sahib ba ya wasa da wannan. Da azahar direbansa ya sauke ƙatuwar tukunyar shinkafa da nama a ƙofar gidan su Shagufta. Wadda ta buɗe ƙofa ita ce Bibi Mukhtaran, surukar, da kwanon wake a hannu tana ɓarewa.

"Na mene ne, ɗana?"

"Na rasuwar tsohuwar gidan ne. Allah Ya ji ƙanta."

Washegari tsohuwar ta iso makaranta a keke mai ƙafa uku, ita da tukunyar. Abin da ta gaya wa hedimasta a gaban taron safe ba zan maimaita ba, ina da 'ya'ya. Kafin la'asar labari ya kai kunnen Chaudhry Sahib, gari kuma ya samu abin dariya: babban mutum ya yi wa mai rai Fatiha.

Dole wani ya ɗauki kunyar nan. Hedimasta ƙanen matar Chaudhry ne, saboda haka kun san sauran. Aka rubuta cewa Shagufta ta yaudari manya da hawayen ƙarya, gargaɗi na uku ke nan. Na ji haushi har na kasa cin abinci, amma ban ce uffan ba, ni ma aikin nake ci da shi.

Ajinta ni aka ba. Yanzu duk baƙon da ya zo, can hedimasta ke fara kai shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga yatsa. "Saurara. Ka ji wani abu?"

Ba ya jin komai. Rabin yaran ma sun manta yadda ake haɗa baƙi.