An Kwashe Bututun

Ƙarar ƙarfe ce ta fito da Mai Wanki daga shagonta, hannuwanta duk kumfa. Leburori ne ke loda bututan ruwa a bayan babbar mota, bututan da aka jibge a layin gab da zaɓen majalisar lardi, har aka haƙa musu rami zuwa ƙofarta.

"Kai, ɗan'uwa! Ina za ku da su?"

Shugaban leburorin ko ɗago kai bai yi ba. "Umarni ne daga sama, Inna."

"Wane saman? Jiya rediyo ta ce Jam'iyyar Tsani ta lashe majalisa. Ai su suka kawo aikin."

"Sun ci rinjaye, amma sun sha ƙasa a mazaɓarku. Jam'iyyar Fitila kuka ba kujerar."

Shekara da shekaru tana wanki da ruwan jarka, ranar da masu turo ruwa suka yi fashi ta wuni tana ba masu kaya haƙuri. Bututun nan ta sa wa rai, har ta sayi injin wanki na hannu ta rufe shi da zani a kusurwa. Ta goge kumfar a jikin rigarta, ta ja ƙofa, ta tari bas.

Ofishin Tsani ya cika maƙil, kiɗa kamar zai tsaga rufi. Da ƙyar ta kutsa wurin sakataren jam'iyya, yana zaune yana karɓar gaisuwa kamar ango.

"Ranka ya daɗe, ana kwashe mana bututu. Ni kuwa ku na zaɓa, ga shaida." Ta miƙa babban yatsanta, tawadar ba ta gama fita ba.

Ya yi dariya. "Baiwar Allah, tawada ba ta faɗin wanda aka dangwala wa. Akwatinku ya riga ya yi magana, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Je ki wurin wanda kuka ba kujera."

Ta je ɗin. A ofishin Fitila ma shagali ake, sai ka rantse su suka kafa gwamnati. Sabon ɗan majalisar ya saurare ta tsaf, yana girgiza kai cike da tausayi, abin da ya ƙara ƙona mata rai.

"Uwata, wannan zalunci ne. Sai dai mu marasa rinjaye ne, ayyuka na hannunsu. Amma da zarar an rantsar da mu, zan miƙe a zauren majalisa in yi magana mai zafi."

"Ɗana, da maganar zan ɗauraye kaya?"

Mutanensa suka kwashe da dariya, wani har da cewa tsohuwar nan ta iya zance. Ta fito tana huci, gaba kura baya sayaki.

Da ta koma layin motar ta tafi, sai rami da tarin jar ƙasa. A bakin shagonta ta tarar da direbobi biyu, na sakataren Tsani da na ɗan majalisar Fitila, kowa zaune a kan ƙaton ƙunshin kayan maigidansa. Lemo ɗaya suke ɓarewa suna tsokanar juna kan wanda ya fi cin zaɓe.

"Inna, kin sa mu jira," in ji na Tsani. "Fararen kaya ne na ranar rantsuwa. Kowa ya san babu hannu irin naki."

"A zuba sitati sosai," in ji na Fitila. "Maigida zai miƙe a gaban jama'a."

Ta tsallake ramin, ta buɗe ƙofa, ta leƙa randa. Ɗan abin da ya rage ko hula ba zai wanke ba. Ta jawo jarkoki biyu da babu komai a ciki, ta dire wa kowanne ɗaya a gabansa.

"Zan wanke," ta ce. "Amma kowa ya zo da ruwansa."