Rabin Ƙwayar Dogo

Tun daga ƙofar asibiti Gajera take rawar kai, kai ka ce albishir aka yi mata. Yau ce ranar da Likita za ta duba sakamakon jinin mijinta, Dogo, ta sa hannu ya koma tuƙin bas. Tun da jijiyar zuciyarsa ta toshe bara kamfani ya karɓe makullin motar, aka ce sai kitsen jininsa ya sauka. Mutumin da ya saba da titi kuwa, zaman gida ya mai da shi fitinanne. Har tukwane yake leƙawa yana gyara mata gishiri.

"Yau dai zan rabu da kai, Baban yara," in ji ta, tana gyara masa wuyar riga. "In samu in sha iska a gidana."

Ita ma ta ba da nata jinin a gwada, don kawai kada a bar ta a baya.

Likita, wata siririya mai tabarau, ta juya allon kwamfuta ta ɓata rai.

"Baba, ya sauka, amma bai kai inda muke so ba. Kana shan maganin kuwa?"

"Kullum! Tambaye ta."

"To sai mu ƙara wata ƙwayar a kai. Ko kuma akwai sabuwar allura da ake yi wa masu irin matsalarka, a ƙarƙashin fata."

Dogo, ƙato guda, ya ƙanƙame kujera kamar yaro. Gajera ta tuntsire da dariya, har da buga cinya.

"Wallahi Likita maganin nan ba shi da laifi, jikinsa ne mai taurin kai. Duba nawa ki gani!"

Likita ta duba. "Kai, Mama, naki tsaf yake. Sai ka ce na budurwa."

"Kin gani? Aikin ƙwayar ne."

"Wace ƙwayar? Wa ya rubuta miki?"

"Tasa mana. Rabi shi, rabi ni."

Likita ta cire tabarau a hankali.

Dogo ya gyara zama ya shiga bayani, cike da alfahari. Tun da suka yi aure bai taɓa kai abu bakinsa shi kaɗai ba. Lemo, ƙwai, alewar da fasinja ya ba shi, duk sai ya kawo gida an raba biyu. To yaya za a ce ga abin da ke wanke jini, mai gyara zuciya, ya haɗiye shi kaɗai, matarsa na kallo? Ai rashin mutunci ne. Har 'yar wuƙa ya saya musamman, kuma ya iya yankan daidai, ƙwayar ba ta ko marmashewa.

Likita ta kifa kai a tebur. Kafaɗunta ne kawai ke rawa. Gajera na dariya, Dogo na dariya, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da ta share hawaye sai ta ce, "Mama, ki saurare ni. Ke ba ki buƙatarsa, kuma shan maganin wani haɗari ne. Shi kuwa jijiyar da ta toshe tana iya sake toshewa. Duk watannin nan rabin kariya yake samu."

Dariyar Gajera ta tsaya cak. Tsoro ya kama ta, irin wanda ta ji ranar da ya faɗi a bakin gareji. Ashe kullum da hannunta take karɓar rabonsa, har tana cewa an gode.

"Ku je," in ji Likita. "Ya sha cikakkiya, ku dawo bayan wata biyu. In ya sauka, zan sa hannu."

Ba su ko kai bakin titi ba Gajera ta sayi ruwa a shagon ƙofa, ta ɓallo ƙwaya ta danna masa a tafin hannu. Dogo ya tsaya yana jujjuya ta, idonsa ya yi rau-rau.

"Gajera, ni kaɗai? Ba za ta wuce min ba."

"Za ta wuce, don ƙaniyarka," ta ce. "Haɗiye, ina kallo. Ni ba na son rabin miji."