Jar Masarar Tabitha

Ƙauna tana tsugune gaban mai robobi a unguwar PZ, tana gwada murfin wata roba ko yana kamawa sosai, sai wayarta ta yi ƙara. Malam Bernard ne, maƙwabcin babanta a Bomo. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Ƙauna, kina ina? Babanki ya yi shuka."

"Shukan me, Kawu? Yau fa sha biyu ga Afrilu."

"Masaran mamanki. Tun ran Laraba, washegarin ruwan nan. Ni ma sai yanzu na gani da na leƙa gonan. Na yi mai magana, dariya ya yi min."

Ta rungumi robar ta tare motar Samaru. Har suka wuce Hanwa ba ta san wa ke zaune kusa da ita ba.

Jar masara ce, irin da mahaifiyarta Tabitha ta ƙullo a bakin zane daga ƙauyensu na kudancin Kaduna ranar da aka kawo ta gidan miji. Shekara arba'in da ɗaya, kowace kaka sai ta zaɓi masu ƙoshi ta rataye saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Can ƙauyen ma tuni kowa ya koma irin kamfani, ba mai sauran ko ƙwaya. Zaɓin ƙarshe tana kwance a tabarma ta yi shi, ana miƙo mata tana juyawa a hannu, kafin Kirsimeti kuma ta rasu. Domin wannan masarar ce Ƙauna ta sayi robar nan. Baba ya yi mata alkawarin yau Asabar zai ɗebar mata nata kason ta adana.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne wai Baba Dominic ne ya yi wannan. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana aiki a gonar gwaji ta Samaru, abokan aikinsa suka laƙaba masa Bari-Tukuna! A wurinsa ruwan farko maƙaryaci ne. Sai an yi na uku, ya tona ƙasa ya ga danshi ya wuce tsawon tafin hannu, sannan ya taɓa iri. Irin ma kashi uku yake yi: na shuka, na sake shuka idan ruwa ya ɗauke, da wanda ba a taɓawa ko da yunwa ake kwana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, wannan ce waƙarsa, har yaran gidan suka gaji da ita.

Bana ne ya fara sauyawa. Ya tsallaka titin Samaru bai dubi hagu ko dama ba. Ya kafa tsani ya hau mangwaro, mai shekara saba'in da takwas. Watan jiya Ƙauna ta kai shi asibiti tana fargabar gigin tsufa ne, amma duk abin da Likita Mojisola ta tambaye shi ya amsa tsaf, har ya gyara mata lissafin kwanan wata. Da ya fita, likitar ta ce, "Hankalinsa lafiya lau. Sai dai kin san faɗuwar gaban nan da mutum ke ji kafin ya yi asara? A wasu tsofaffi takan yi sanyi. Daɗin sa rai kuwa yana nan daram. Ya san haɗari, jinsa ne ba ya yi kamar da. Ki sa ido." Ƙauna ta sa ido a kan titi da tsani. Ba ta taɓa tunanin murhu ba.

Da ta isa gidan Baba, kicin ta fara shiga. Igiyar da ake rataye masarar tana nan saman murhu, baƙa ƙirin da hayaƙi, ba komai a jikinta. Ta duba tukwane, ta duba bayan ƙofa, har tsohon gwangwanin madara ta girgiza. Totuwa kawai ta samu, an tara su a kwando tsaf-tsaf, yadda Baba ke yin komai.

Ta same shi a gona bayan gari, tsaye a bakin kunya da hularsa ta kaba, rana tana dukan ƙasa. Sama wasai, ko ɗigon gajimare babu.

"A'a, uwata ce da rana tsaka? Zo ki gani. Bana mu za mu riga kowa cin gasasshe a Bomo."

"Baba, ina sauran?"

"Wane saura?"

"Kashi biyun. Da nawa da ka ce za ka ba ni."

Ya nuna kunyoyin da haɓa, fuskarsa fal murna kamar yaron da aka ɗinka wa kayan Kirsimeti. "Duk suna ciki. Idan ya yi, buhu zan ba ki, ba 'yar roba ba."

"Idan bai yi ba fa? Baba, kai ka koya mana. Me ake cewa ruwan farko?"

"Maƙaryaci." Ya faɗa ba gargada. "Sai na uku. A raba iri uku. Kina tsammani na manta ne? A cikin shekara goma, takwas ruwan Afrilu ɗaukewa yake yi, sati uku, wani lokaci huɗu. Ni na riƙa auna shi da hannuna."

"To don me?"

Ya cire hular ya duba cikinta ya mayar. "Ran Talata da ruwan ya sauko, na zauna a baranda ina jin ƙamshin ƙasa. Na jira abin nan ya zo, wanda ke murɗa min ciki kowace shekara ya ce Dominic, bari tukuna. Na jira har ruwan ya tsaya. Bai zo ba. Na neme shi ma, ban same shi ba." Ya yi 'yar dariya. "Kin san mamanki kowace shekara sai ta roƙe ni, ko kunya biyu mu shuka da wuri ta samu na gasawa kafin kowa. Sau arba'in ina ce mata a'a. Ashe haka take ji. Ƙauna, ashe da daɗi."

Nan ne zuciyarta ta karye. Ta zo da faɗa cike da baki, ta rasa wanda za ta yi wa. Mutumin da ya hana su hawa keke sai da ya gwada birki sau uku, wanda tsoronsa ya ciyar da su ya kai su makaranta, ba shi ne tsaye a gabanta ba. Wannan ya fi wancan fara'a nesa ba kusa ba, kuma ta yi kewar wancan har cikin ƙashinta.

Da ya juya yana bin kunyoyi yana ƙirga ramuka, ta durƙusa ta buɗe robar. Ko cikin tafi ɗaya ta tono, a shanya, a adana. Ta sa yatsa. Saman ƙasar ya bushe ya yi ɓawo, danshin bai kai gaɓa biyu ba, ƙarƙashinsa kuma busasshiyar ƙasa ce mai ɗumi. Ta ciro ƙwaya ɗaya. Ta kumbura, jan ya yi haske, ga 'yar farar saiwa ta riga ta leƙo. Ta tona rami na biyu, na uku, na goma. Duk sun tashi. Irin da ya tsaga ba ya komawa roba, wannan ma Baba ne ya koya mata.

Ta mayar da ƙwayar raminta, saiwar tana kallon ƙasa, ta rufe a hankali.

A ƙarshen gonar akwai tsohuwar rijiyar Malam Bernard ta noman rani, ruwanta ya ja baya sosai. Ƙauna ta dubi gonar, ta dubi rijiyar. Ba za ta iya da duka ba. Kunya uku na kusa da rijiya, wataƙila, idan ta riƙa zuwa daga Sabon Gari kullum bayan an tashi makarantar da take koyarwa, har ranar da ruwan gaskiya zai zo. Ta tuɓe takalmi, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta zura guga.

Tana juye guga na huɗu a robar da ta saya don ajiye iri, Baba ya iso ya tsaya kanta.

"Wahalan me kike ba kanki? Ruwa na zuwa." Ya leƙa fuskarta. "A'a, kuka kike yi? Me ya faru?"

"Ba komai, Baba. Rana ce."

"To shiga inuwa mana." Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda babu komai sai shuɗin sama, ya yi murmushi. "Gobe ko jibi, za ki gani."

"Allah ya sa, Baba," ta ce. Ta ɗauki robar ta nufi kunyar farko.